CIWON DAJI: RIGAKAFIN DA KE FARAWA DAGA RUMBU

Akwai cututtukan da mutanenmu ba sa son ambaton sunansu. In aka tambayi abin da ya kashe wane, sai a ce ya yi doguwar jinya, ko cikinsa ne ya kumbura, ko kuma a rage murya a ce jifa ne. Ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara, 'yan boko kuma su ce kansa, yana sahun gaba cikin irin waɗannan cututtuka. Shirun nan kuwa bai rage shi ba ko kaɗan. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon a ƙasar Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum fiye da 120,000 ne suka kamu da shi a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka mutu. Wato duk inda aka ƙirga sababbin majinyata uku, an ƙirga gawa kusan biyu.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san ko mene ne shi. Jikin ɗan Adam an gina shi ne da waɗansu 'yan ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Kowace ƙwaya tana da ƙa'idar da take bi: ta girma, ta rabu biyu in da bukata, ta tsufa, ta mutu, wata ta maye gurbinta. Idan wani abu ya yi ta ɓata wannan ƙa'ida, ko hayaƙin taba ne, ko guba a cikin abinci, ko wata ƙwayar cuta, sai wata rana a sami ƙwaya guda da ta ƙi mutuwa, ta yi ta hayayyafa ba tsari har ta zama ƙari, daga nan ta bi jini ta yaɗu zuwa wasu sassan jiki. Abin yakan ɗauki shekara 10, ko 20, ko ma fiye, kafin mutum ya ji wani sauyi a jikinsa. A cikin waɗannan shekaru ne rigakafi ke da amfani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya kauce wa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ciwon daji. Mai karatu ya lura, ba ta ce duka ba. Akwai wanda bai taɓa sa taba ko giya a bakinsa ba, ga shi da kula da jikinsa, ciwon kuma ya same shi ta hanyar gado, ko tsufa, ko wani dalili dabam. Saboda haka kada wani ya karanta wannan shafi ya tafi gaida mara lafiya ya tsare shi da tambayar laifin da ya yi. Majinyaci taimako yake bukata. Maganarmu da masu lafiya ce, musamman iyaye da magidanta.

Yawancin shawarwarin da ake bugawa a kan wannan batu an rubuta su ne domin mutanen Turai da Amurka, waɗanda damuwarsu ita ce ƙiba da yawan cin nama. Suna da amfani, za mu kuma taɓo su a gaba. Amma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu, kusan kashi 30 cikin 100 na ciwon daji daga ƙwayoyin cuta yake farawa, waɗanda akwai allurar rigakafinsu ko maganinsu. Don haka za mu fara ne da ciwon da ya fi cin mazajenmu tun suna da sauran ƙarfi, wato dajin hanta.

Kusan kowane ƙauye a Arewa ya san wannan ciwo ko da bai san sunansa ba. Magidanci ɗan shekara 35 ko 40, manomi mai ƙwazo, sai ya fara ramewa, abinci ya fita masa a rai, gefen cikinsa na dama ya yi tauri, idonsa ya yi rawaya a ce shawara ce, daga baya ciki ya cika da ruwa. Daga ranar da aka gane zuwa ranar jana'iza sau da yawa 'yan watanni ne. A Turai ciwon tsofaffi ne, a nan kuwa yana ɗaukar masu 'ya'ya ƙanana. Abubuwa uku ne suke haɗa kai su kawo shi: guba daga fumfunar hatsi da gyaɗa, ƙwayar cutar hanta mai suna hepataitis B, da kuma giya.

Labarin gubar ya fito fili ne a shekarar 1960, lokacin da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila ba a san dalili ba. Da aka bi sawu, sai aka tarar an ciyar da su da tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga ƙasar Birazil, wadda wata irin fumfuna ta kama. Gubar da fumfunar ke fitarwa aka sa wa suna aflatoksin, kuma tana cikin abubuwan da masana suka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga mutane. Fumfunar tana zaune a ƙasar gona. Takan shiga gyaɗa da masara in fari ya wahalar da shuka gab da kaka, ko ƙwari sun huda ƙwayar, ko an shanya amfani a ƙasa tsirara, ko an zuba shi a buhu bai gama bushewa ba. Tana kama dawa, da busasshen barkono, da agushi su ma, amma gyaɗa da masara ta fi so.

Abin da ya sa gubar nan ke da haɗari shi ne wuta ba ta kashe ta. A soya gyaɗar, a yi ƙuli-ƙuli, a dama kunu, a tuƙa tuwon masara, tana nan. In an ba saniya dusa mai fumfuna, gubar takan fito a nononta. Haka ma a nonon uwa mai shayarwa. In ta yi yawa a lokaci ɗaya tana kisa nan take: a gabashin Kenya a shekarar 2004 mutum 317 suka kwanta saboda cin gurɓatacciyar masara, 125 daga cikinsu suka mutu. Amma abin da ya fi yawa shi ne a riƙa cinta kaɗan-kaɗan kullum, hanta tana ta wahalar tace ta shekara da shekaru har ta gaza. Wani bincike da aka buga a 2002 a kan yara a Jamhuriyar Binin da Togo ya nuna cewa yaran da suka fi wannan guba a jini su ne suka fi tsumburewa.

Yanzu kowa ya duba abin da muke yi a gida. In an gama ɓarar gyaɗa, mai kyau ake aunawa a kai kasuwa, domin ita ce mai kuɗi. Wadda ta yamutse, da wadda ta fashe, da wadda ta sake launi, ita ake bari a gida a yi miya ko kunun yara, ko a sayar da ita da araha ga masu yin mai da ƙuli-ƙuli. Gubar kuwa a cikin waɗannan 'yan ƙwayoyin ta fi taruwa. Ashe muna sayar wa baƙo da lafiya, mu ajiye wa 'ya'yanmu cuta. Mun san talauci ne ke sa haka, ba mugunta ba, kuma yana da wuya a ce wa mace mai 'ya'ya shida ta zubar da mudu biyu na gyaɗa. Duk da haka sai an faɗi gaskiya: mudu biyun nan bai kai kuɗin dare ɗaya a gadon asibiti ba.

Maganin wannan ba ya bukatar likita. A ƙasar Gini an yi gwaji a ƙauyuka 20, aka buga sakamakonsa a 2005. An koya wa manoman ƙauyuka 10 abubuwa masu sauƙi: tsince gyaɗa da hannu, shanya ta a kan tabarma maimakon ƙasa, barinta ta bushe sarai, zuba ta a buhun algarara mai shan iska, ɗora buhunan a kan katako, da hana ƙwari shiga. Sauran ƙauyuka 10 suka ci gaba da yadda suka saba. Bayan wata biyar aka auna jinin mutane, sai aka ga gubar da ke jinin waɗanda aka koya wa ba ta kai rabin ta sauran ba. Babu ɗaya daga cikin matakan nan da ya fi ƙarfin manomin Kaduna, ko Filato, ko Bauci, ko Adamawa. A cire amfani da zarar ya nuna, kada a bar shi a tsibe ruwan ƙarshe ya doke shi. Gyaɗa ta bushe in ta yi ƙara a cikin ɓawonta in an girgiza. Masara ta bushe in ta fashe da ƙara in an ciza. A gyara jinkar rumbu kafin a zuba hatsi, kada buhu ya jingina da bango ko ya taɓa daɓe. Buhunan nan masu leda biyu a ciki, da ake ɗaurewa iska ba ta shiga, suna hana ƙwari ba tare da an zuba magani ba, amma sai hatsin ya bushe sosai tukuna. Abin da aka tsince kuwa a binne shi ko a ƙone, kada a ba kaji ko shanun tatsa. In kuma mutum ya tauna gyaɗa ya ji ɗaci, ya tofar.

Ga manoman da ke da hali, akwai kuma Aflasafe, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar. Ƙwayar dawa ce da aka lulluɓe da wata fumfuna 'yar'uwar waccan amma mara guba. Ana watsa kilo 10 a hekta guda, mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai mara gubar ta mamaye gonar ta hana mai gubar wuri. Gwaje-gwaje sun nuna yana rage gubar da fiye da kashi 80 cikin 100. Ƙungiyoyin manoma da ke haɗa kuɗin taki za su iya sa shi a lissafinsu.

Na biyu ita ce ƙwayar cutar hepataitis B. Binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a faɗin ƙasa a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita, wato kusan mutum ɗaya cikin 12. In majami'a ta cika da mutum 240 ran Lahadi, ana iya samun kamar 20 a ciki, kuma yawancinsu ba su sani ba, gama cutar takan zauna shiru shekaru masu yawa. Abin lura a nan shi ne shekarun da mutum ya kamu. In babba ne, jikinsa yakan kore ta, ƙalilan ne kawai, kamar 5 cikin 100, take zaunawa a jikinsu. In jariri ne, 90 cikin 100 za su rayu da ita har abada. Yawancin magidantan da muke binnewa yau tun suna goye suka kamu.

Ta jini take bi, da kuma saduwar mace da namiji. Uwa takan ba jaririnta a wurin haihuwa. Aska ɗaya da wanzami ya yi wa yara biyar kaciya da ita, ko tsaga, ko cire beli, ko ƙaho, ko hujin kunne. Rezar da 'yan gida ke karɓa-karɓa. Almakashin mai yankan farce da ke yawo kasuwa. Allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani a ɗakin mai kemis. Jinin da aka ƙara ba a gwada ba: duk hanyoyinta ne. Ba mu ce a bar aski ko kaciya ba. A sayi sabuwar reza a miƙa wa wanzami, kuɗinta bai kai na goro ba, kaciya kuma a yi ta inda ake dafa kayan aiki. Ya kamata kuma a san inda ba ta bi: ba ta bin cin abinci a kwano ɗaya, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko musafaha, ko tari. Ware wa mai ita kwanonsa dabam zalunci ne da ba ya kare kowa.

Allurar rigakafinta tana aiki ƙwarai. Tsibirin Taiwan ya fara yi wa jarirai a 1984, cikin 'yan shekaru dajin hanta ya ragu sosai a tsakanin yaransu. Gambiya ta fara a 1986. Nijeriya ta sa ta cikin rigakafin yara a 2004, kuma kyauta ce a asibitocin gwamnati. Amma ga inda muke tuntuɓe. Allurar farko tilas a yi ta cikin awa 24 da haihuwa in ana so ta tare cutar da ke zuwa daga uwa, sa'an nan a bi da sauran a mako na 6, da na 10, da na 14. Mu kuwa mata da yawa a gida suke haihuwa, al'ada kuma ta ce jariri ba ya fita sai an yi suna. Kafin ranar suna lokacin ya wuce. Wannan aiki ne na maigida da kakar jariri: in an haihu da dare, gari na wayewa a naɗe yaron a zane a kai shi ɗakin shan magani, mai jego ta zauna ta huta. Zumuntar mata, da ba ta fashin zuwa barka, in ta mai da wannan tambayarta ta farko a bakin ƙofa, za ta ceci rayukan da ba za ta taɓa sanin adadinsu ba.

Manya kuma su je a gwada jininsu, gwajin ba ya ɗaukar lokaci. Wanda ba shi da ita ya karɓi allura uku cikin wata shida. Wanda ke da ita ya nemi likita, ba mai tallar jiƙe-jiƙe a tasha ba, domin waɗansu saiwoyin ƙara wa hanta nauyi suke yi. Ba kowa ne ke bukatar magani ba, amma ga wanda ke bukata akwai ƙwaya mai suna tenofobir da ke danne cutar ta rage haɗarin daji, kuma ana son a riƙa duba hantar lokaci-lokaci. 'Yar'uwarta hepataitis C ba ta da allurar rigakafi, sai dai yanzu ana warkar da ita da ƙwayoyi cikin kimanin wata uku. Akwai kuma wata magana da ta shafi dattawa masu shirya aure. Wurare da yawa ana neman takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure, abu ne mai kyau. Amma in aka sami hepataitis B a jinin ɗaya, wannan ba dalilin fasa aure ba ne. A yi wa ɗayan allura, a kuma tabbatar kowane jaririn da za su haifa ya sami tasa a ranar haihuwa.

In gubar hatsi da ƙwayar cutar nan suka haɗu a hanta ɗaya, haɗarin yakan ninka sau da yawa fiye da na kowace ita kaɗai. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A yankin Cidong na ƙasar Sin, kusa da Shanghai, inda dajin hanta ya yi ƙamari, mutane sun koma cin shinkafa maimakon masara mai fumfuna a shekarun 1980, mace-macen kuwa suka ragu tun kafin yaran da aka yi wa allura su girma. Wannan ya nuna ko wanda ya riga ya kamu da cutar yana da abin da zai samu daga gyaran rumbunsa.

Na uku giya. Za mu faɗe ta ne ta fuskar lafiya kawai. Tun 1988 hukumar nan ta Liyon ta sa barasa cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji: na baki, da maƙogwaro, da hanta, daga baya aka ƙara na babban hanji da na nono. Jiki ba ya bambanta ta kwalba da burukutu, ko pito, ko ogogoro, domin barasar da ke ciki iri ɗaya ce. Mun sha jin masu cewa burukutu ai abinci ne tun da da dawa ake yinta. Dawar tana nan, barasar ma tana nan, in kuma da hatsi mai fumfuna aka dafa ta to an haɗa biyu. A farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani ma'auni na giya da za a ce ba shi da illa. Mai hepataitis B kuwa ko kurɓi ɗaya bai kamace shi ba.

Taba ba ta bukatar dogon bayani, an daɗe da yanke mata hukunci. A 1950 masana biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna alaƙarta da dajin huhu. Doll da kansa mashayi ne, ya bari da ya ga sakamakon aikinsa. Binciken da suka fara a kan likitocin ƙasarsu, wanda aka bi har shekara 50, ya nuna mashayi yakan yi asarar kimanin shekara 10 na rayuwarsa. A hayaƙinta akwai sinadarai kusan 70 masu jawo daji, matar mashayi da 'ya'yansa kuma suna shaƙa tare da shi. Garin taba da tsofaffi ke shaƙa ko sawa a leɓe, da shishar da samari suka ɗauka ado ce, duk dangi ɗaya ne. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara, amma kowa ya san abin da ke kan teburin mai shayi. Abin ƙarfafawa shi ne wanda ya bari, bayan shekara 10 haɗarin dajin huhunsa yakan sauko zuwa kusan rabi.

Ga mata, manyan biyu su ne dajin nono da na bakin mahaifa. Na bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ana ce mata HPV, wadda ake ɗauka ta wurin saduwa. Tana da yawa ƙwarai, har mace mai miji ɗaya tak tana iya samunta, don haka kada a ɗora wa majinyaciya zargi. Likitan Jamus da ya gano wannan alaƙa, Harald zur Hausen, ya sami lambar yabo ta Nobel a 2008. A 2020 an ƙiyasta mata 12,000 sun kamu a Nijeriya, 8,000 sun mutu. A watan Oktoba na 2023 gwamnati ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafi, sau ɗaya, kyauta, a Mayun 2024 kuma aka kai ta sauran jihohi. Nan da nan jita-jita ta tashi cewa tana hana haihuwa. An fara amfani da allurar nan a duniya tun 2006, 'yan matan farko da aka yi wa sun girma sun haihu. A Ingila an ga dajin bakin mahaifa ya ragu da kashi 87 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka yi wa suna da shekara 12 zuwa 13. Ciwon da ake gudun ne ke raba mace da mahaifarta. Matan da suka kai shekara 30 kuma su nemi a duba su, masu ɗauke da ƙanjamau tun daga 25. In an ga alamar farko ana magance ta kafin ta zama daji.

Game da nono, shayarwar da iyayenmu mata suka saba, shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, kariya ce: wani babban nazari na 2002 ya nuna kowace shekara ta shayarwa tana rage haɗarin da kimanin kashi 4 cikin 100. Kariya ce kaɗan, ba katanga ba. Mace ta san nononta. In ta ji ƙullutu, ko fatar ta lotsa, ko kan nono ya shige ciki ko yana fitar da jini, ta je asibiti a wannan makon, ko da ba ya zafi. Rashin zafin ne ke yaudarar mata da yawa har wata shida su wuce ana shafa magani.

Sai batun abinci da zaman birni. Wani likitan tiyata ɗan ƙasar Ayaland, Denis Burkitt, wanda ya yi shekaru yana aiki a Yuganda, ya lura dajin babban hanji da ya addabi Turawa ba shi da yawa a ƙauyukan Afirka. A farkon shekarun 1970 ya danganta haka da yawan dusa da ganye a abincin mutanen karkara, binciken baya kuma ya tabbatar hatsi da ba a cire masa dusa ba yana rage wannan ciwo. Abin dariya ne, ko na tausayi, a ce Turawa suna sayen dusa da tsada a kanti mu kuwa muna surfe ta mu ba awaki, mu koma ga farin burodi, da taliyar leda, da lemon kwalba. Tuwon dawa, da gero, da acca, da wake, da kwaɗon zogale ko rama, da miyar kuka, da kabewa, da gwanda da gwaiba a lokacinsu, ba abincin talauci ba ne da za a ji kunyarsa gaban baƙo. Ƙiba tana da hannu a ire-iren daji har 13, kuma ta fara yawa a tsakanin ma'aikatan ofis da matan birni, inda ake hawa acaɓa zuwa wurin da bai kai tafiyar minti goma ba. Abin da ake so shi ne minti 150 na motsa jiki a mako, wato tafiya da sauri ta rabin awa sau biyar. Manomi da mai dakan hannu sun wuce haka tun ran Talata. Naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi, irin su soseji, da kilishi, da banda, an sa shi cikin masu jawo dajin hanji a 2015, amma maganar ta mai ci kullum ce. Wanda sai ran kasuwa ko Kirsimeti yake gani kada ya damu kansa, ya dai kankare inda ya ƙone.

Akwai waɗansu ƙanana da bai kamata a manta ba. Tsargiya, wato fitsarin jinin da yara ke samu daga wanka a kududdufi da madatsar ruwa, in ta daɗe tana iya kai ga dajin mafitsara. Ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke zato, kuma ƙwayar firazikwantal na kashe ta. Zabiya su riƙa sa malafa da riga mai dogon hannu, a kuma sauƙaƙa musu aikin tsakar rana, gama rana ce ke jawo musu dajin fata. Kicin ɗin da ake girki da itace a yi masa taga.

Wuraren da ake gashin ciwon daji a Arewa kaɗan ne, irin su asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da babban asibitin ƙasa na Abuja, da na Sakkwato da Gombe, kuɗin jinya kuma yakan cinye gona da shanu. Wanda ya zo da wuri sau da yawa tiyata kaɗai takan isa. Alamomin da ba a jira da su sun haɗa da ƙullutu a ko'ina a jiki, ramewa ba dalili, gyambon da ya ƙi warkewa, jini a bayan gida ko a fitsari, jinin mace bayan saduwa ko bayan ta daina al'ada, tari ko dusashewar murya da suka wuce mako uku, wahalar haɗiya, da wahalar fitsari ga namijin da ya haura shekara 45. Yawancinsu in an duba za a tarar wani abu ne mai sauƙi. Addu'a da zuwa asibiti ba sa faɗa da juna, ana iya yin su a rana ɗaya, kuma wanda zai raka majinyaci ya tafi da duk takardun gwajin da aka taɓa yi masa, da sunayen magungunan da ya sha, har da na gargajiya.